Gashin Maryama 'Yar Sin

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai maƙwabciyata Maryama 'Yar Sin makwancinta. Bango ɗaya ya raba mu a unguwar Jarwal ta Makka, ni da ita, kuma da guntun Larabcinmu muka san juna.

Tun tana yarinya aka kai ta hidima gidan sarkin ƙasarsu. An tuɓe sarkin, amma aka bar shi cikin gidansa. A waje babu mai durƙusa masa, a ciki kuwa kamar ba a yi komai ba. Da safe a sa masa riga ruwan ɗorawa wadda ba mai sa irinta, a jera akussa ya taɓa ɗaya a kwashe sauran. Su mata su yafa doguwar riga mai maɓallin ƙulli, 'yan kunne uku-uku, su hau takalmi mai tudun katako a tsakiya, suna tafiya kamar masu ɗauke da ruwa. Da aka watse gidan wani falke Musulmi ya aure ta, ta musulunta, ya kawo ta Makka, ya rasu ya bar ta.

Hajjinta na farko tare muka yi. Mun kwana Muzdalifa, mun yi jifa, na ɗauko almakashi in rage mata gashi gwargwadon gaɓar yatsa, ta fita daga harami. Sai ta dafe kanta da hannu biyu.

Ashe a gidan da ta tashi mace ba ta yanke gashi sai miji ko sarki ya mutu. Na miji ta riga ta yi. In ta sake yanka, ta yi wa mai rai makoki ke nan.

Na ce, "Yaya Maryama, so kike ki tsufa da harami?"

Ta kira ni da sunan da ake kiran baƙar fata irina a nan, ta ce, "Ke dai kin iya magana, Takaruriya. Shinkafar sarkin nan na ci na girma."

Mata suka gama, suka canja kaya, ita tana zaune a bakin hema. Ban matsa mata ba, ban kuma ajiye almakashin ba. Can ta kwance gashin da kanta, ta miƙo mini bakinsa. Ta ce, "Yanka. Wanda ya kira ni nan shi ke riƙe da ransa." Na yanka, tana kuka.

Da tana nan yau da ta ga alhazai na zuwa ta jirgin sama, mata na yanke wa juna gashi suna hira, ana rushe gidaje don faɗaɗa Harami. Ba na jin za ta yi mamaki. Ta taɓa ganin gida babba ya watse.

Rigarta ta gidan sarki asu ya cinye, takalmin ban san inda ya shiga ba. Abin da ya rage shi ne har yau in baƙuwa ta miƙo mini kanta a Mina, sai na tambaye ta ko ta shirya.

Bara na tambayi wani alhajin ƙasarsu labarin sarkin. Ya ce yana tsare, amma yana raye. Na so a ce akwai wadda zan je in gaya wa. Allah Ya jiƙan Maryama.