Bulo Shida da Ƙullin Gishiri

A garinmu, in ka ji an ce "Ta tashi kuwa?" da safiyar watan Yuli, tsakiyar hunturunmu mai ƙanƙara, to motar Doña Herminia Oyarzún ake tambaya. Baƙar mota ce ƙirar 1951, mai ƙaton goshi, gilashin gabanta biyu ne da ƙarfe a tsakani. Ko hita ba ta da shi. Mijinta Evaristo ne ya saye ta, ya koya mata tuƙi, ya rasu ya bar mata. Shekara talatin da ɗoriya Herminia tana jigilar wasiƙu da buhunan fulawa da malaman makaranta tsakanin gari da rugagen tumaki, kuma ba a taɓa jin ranar da sanyi ya zaunar da ita a gida ba.

Amma fa renon motar nan ake yi kamar jaririya. Da yamma Herminia za ta tsiyaye ruwan lagireto a bokiti don kada ya daskare ya fasa inji, ta ciro batir ta ajiye shi gindin murhu, ta lulluɓe gilashi da buhu. Da safe jan bulo shida ne ke shiga tanda tare da burodi, in sun yi zafi ta nannaɗe su a fatar tunkiya ta jera a ƙasan kujeru. Ta soka kwali a gaban lagireto. Ta raba ɗanyen dankali biyu ta goge gilashin ta ciki don kada numfashi ya kama shi, ta waje kuma ta bi shi da gishiri da ta ƙulle a ƙyalle. Sai ta gama duk wannan take zama ta sha mate ɗinta, ta cika flas da ruwan zafi.

Gilashin ɓangaren fasinja yana da tsaga tun daga sama har ƙasa. Wata safiya Evaristo yana sauri, ga buta a hannu zai haɗa mate, sai ya kwara wa ƙanƙarar gilashin ruwan zafi. Ƙas! Herminia ba ta taɓa sake shi ba. Duk wanda ya shiga motar sai ta nuna masa ta ce, "Ka ga sa hannun maigidana. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho."

Mijin 'yarta, Rubén Mansilla, shi ne sarkin tsokanarta. Yana da sabuwar a-kori-kura mai shan dizal, da ka danna maɓalli sai ɗumi ya cika ciki.

"Mama, yau miya za a yi ne ko tafiya? Na ga dankali, na ga gishiri, saura nama."

"Naman yana nan tsaye yana surutu," in ji ta. "Matsa mini, ɗan nan."

Shekarar da ta cika saba'in da ɗaya aka yi sanyin da har yau ake kwatance da shi. Wata safiya rediyo na karanta saƙonnin mutanen daji, sai ta ji sunanta. Ƙaninta Nicanor, wanda ke kiwo shi kaɗai a wata bukka mai nisan kilomita tamanin, yana kwance kwana uku, ƙirjinsa ya riƙe, ba ya iya hawa doki. Wani makiyayi ne ya gan shi ya aiko. Herminia ta ajiye ƙoƙon mate. Ita ta goyi Nicanor bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma a duniya shi kaɗai ya rage mata a 'yan ɗakinsu.

Motar asibiti tana can wani gari, ƙanƙara ta tare ta. Rubén ya ruga wajen tasa motar, ya murza makulli, ya sake murzawa, shiru. Dizal ya daskare a tanki ya koma kamar kitse. Yana ɗago kai sai ya ji tarin tsohuwar mota daga ƙofar gidan surukarsa, ta yi tari biyu ta kama.

"Shigo," in ji Herminia. "Da tsohuwar zuma ake magani. Ka ɗora ƙafarka kan bulo, kada ka taɓa mini gilashi."

Da sarƙa a tayoyi saboda santsin ƙanƙara suka tafi, sa'a uku cur. Suka tarar da Nicanor a kan gado, murhunsa ya mutu, jikinsa zafi rau, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Yaya, da wannan akwalar kika zo?"

"Da ita na kai ka ɗaurin aurenka, mara kunya. Yi shiru."

Ta hura murhu ta sake gasa bulo. Kafin su gama naɗe Nicanor a barguna, iska ta juya, dusar ƙanƙara mai laima ta sauko ta daskare a gilashin gaba. Herminia ta fito ɗauke da bulo sai ta hangi Rubén tsaye gaban mota yana kwance murfin flas, zai kwara.

"Kai! Rubén! Kul!"

Ihun da ta yi har karnukan Nicanor sai da suka watse. Ta fizge flas ɗin ta nuna masa tsagar nan. "Wancan ɓarin Evaristo ya ci. Wannan kaɗai nake gani da shi. In ka fasa shi, a nan za mu binne ƙanina." Kunya ta rufe Rubén. Ta tura flas ɗin cikin bargo a ƙirjin Nicanor, ta bi gilashin da ƙullin gishiri a hankali har ƙanƙarar ta saki.

Ba su yi kilomita goma ba sabuwar matsala ta taso daga cikin motar. Mutum uku suna numfashi, tufafi jiƙe, bulo na fitar da tururi. Gilashin ya yi fari ta ciki, raɓar ta fara daskarewa, dankalin ma ya gaza. Hanya ta ɓace mata, ga rami a hagu. Maganin abin ta san shi sarai: a sauke tagogi, iska ta ratsa, gilashi ya washe. Amma iskar da za ta wanke gilashin ita za ta ƙarasa Nicanor. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a bakin sitiyari ba.

Ta taka birki. "Koma baya ka rungume shi," ta ce wa Rubén. "Kwashe bulon nan duka, har na ƙafata."

"Mama, ke fa?"

"Ni na ce maka ina jin sanyi?"

Ta ciro bargon da ke kafaɗarta ta rataye shi daga rufin mota zuwa bayan kujerar gaba, ta soke shi da allurai, motar ta zama ɗaki biyu. Ɗumi da numfashin mutum biyu suka tsaya a baya. Sannan ta buɗe 'yar ƙaramar tagar nan mai kusurwa uku ta gefenta, iska ta shigo kamar wuƙa. Safar hannu tana dama gishirin ne kawai a gilashi, don haka ta cire ta hagu. Dama na riƙe da sitiyari, hagu tsirara na riƙe da ƙullin gishiri, tana goge wani ɗan fili da bai wuce faɗin faranti ba. Ta nan ta ga hanya.

Sa'a huɗu, jama'a! Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya, a sanyin da ke kashe tunkiya a tsaye. Rubén ya ce shi ba ya ganin ta, sai dai yana jin ƙarar gishiri a gilashi, ƙur, ƙur, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Can ya ji gumi na tsattsafo wa Nicanor, shi kansa har ya kwance maɓallin rigarsa saboda ɗumi. Lokaci lokaci takan ɗaga murya ta ce, "Yana numfashi?" In ya ce e, sai ta ce, "To madalla," ta ci gaba.

Rana na gab da faɗuwa suka tsaya a ƙofar asibiti. Aka ɗauki Nicanor aka yi ciki da shi. Da ma'aikaciyar jinya ta dawo ta buɗe ƙofar direba, sai ta sami Herminia zaune, gashin girarta ya yi fari da ƙanƙara, yatsunta sun ƙage a kan ƙullin gishirin. Sai da aka sa ruwa mai ɗumi-ɗumi kafin a raba su. Rubén ya tsaya a gefe yana kuka kamar ba magidanci ba.

Nicanor ya tashi. Herminia kuwa ta rasa ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ta hana kowa ya faɗa masa, in za ta duba shi sai ta ɓoye hannun a cikin mayafi. Ranar da aka sallame shi, yana zaune a kicin ɗinta, Rubén na durƙushe yana jera bulo a tanda ba tare da an sa shi ba, sai ta manta ta ɗauki buta da hagu. Nicanor ya ƙura wa hannun ido. Ya miƙo nasa ya kama shi, ya juya shi, hawaye na bin gemunsa.

"Kai, sakar mini hannu, ruwan zai huce," in ji Herminia. "Takwas ma sun isa riƙe sitiyari. Ƙani kuwa guda ɗaya gare ni."