Jirgin da ke Kauce wa Abin da Babu

A shekarata ta biyu a Doha, lokacin ina digiri na biyu a fannin kwamfuta, ban je gida hutun zafi ba. Abokan zamana biyu suka tafi, ɗaya Kano ɗaya Sakkwato, suka bar ni ni kaɗai a gidanmu na unguwar Al Muntazah. Wanda bai taɓa yin watan Yuli a garin nan ba, ba zai gane irin shirun tsakar ranarsa ba. Titi fayau, ko mage ba ka gani, shaguna a rufe, sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki ta kowace taga.

A masallacin unguwa na san wani dattijo mutumin Zangon Kumasi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye shekara biyu kafin haɗuwarmu. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun kuwa bai dawo ba, kullum yana ɗaure a ƙirjinsa, yatsun a lanƙwashe. Da hagu yake miƙo gaisuwa, kuma kowace rana sai ya ba ka haƙuri a kan hakan. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya riƙe shi saboda daɗewarsu tare, amma a ƙarshen zafin nan zai koma gida gaba ɗaya.

Wata rana bayan la'asar ya tare ni wajen takalma.

"Malam, an ce kai ne mai kwamfuta."

Na ce, "Ina dai taɓawa, Baba."

"Yalla, zo ka ga wani abu. Mota yana jira."

Hausarsa ta Zango ce, komai namiji ne a bakinsa, mota da ƙofa da rana.

Tasi ta kai mu bayan wani shago a Al Mirqab. A sito, tsakanin kwalaye, akwai wani akwati mai tsayin firij, da gilashi a sama, da sandar sarrafawa ɗaya da maɓallai biyu, da ɗan rami na jefa kwandala. Irin gem ɗin nan ne na tsaye, na gidajen wasa na da. Ya ce shekaru masu yawa shi ne mai tsaron wani gidan wasa a ƙarƙashin wani tsohon rukunin shaguna a Al Sadd. Da aka rufe wurin, sai aka bar masa wannan.

Ya sa na jona wuta. Gilashin ya ɗauki lokaci kafin ya haska, sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi yana ratsa kogo, abubuwa suna taso masa ta sama da ƙasa, yana harbinsu. Ba wanda ya taɓa sandar. Irin waɗannan akwatunan haka suke, in ba kowa sai su riƙa buga kansu don su ja hankalin mai wucewa.

Daga cikin jakar ledar da ya riƙo ya fito da wata tsohuwar na'urar gem ta gida, irin mai kaset da ake jona wa talabijin, robarta har ta koma ruwan ɗorawa. Ya ce 'ya'yansa ya saya wa tun suna ƙanana, bai samu mai kai musu ba har suka girma suka yi aure.

"Akwatin nan ba zai shiga jirgi ba. Kana iya ka ɗauke wasan daga nan ka sa shi cikin nan?"

Na yi masa bayani cewa ba kamar juye ruwa daga tulu zuwa kofi ba ne. Na'urorin biyu ba yare ɗaya suke ji ba, sai dai a sake rubuta wasan tun daga tushe, kuma ƙaramar ba ta da ƙarfin babbar. Ya saurare ni har na gama.

"Amma kana iya?"

Na ce zan gwada. Gaskiya kaɗaici ne ya sa na amsa.

Na ciro allon lantarkin da ke cikin akwatin, na kwafe duk abin da ke cikin ma'ajiyarsa zuwa kwamfutata, sannan na mayar da shi. Na samo tsohuwar talabijin mai ƙeya a kasuwar kayan gwanjo, na yi odar kaset wanda ba komai a cikinsa, na share teburin falo na zauna. Aikin na rage-rage ne. Launuka sun yi wa ƙaramar na'ura yawa, na rage. Kiɗan na matse shi har ya koma kamar ana busa shi ta hanci. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne abokan gabar jirgin, domin in suka yi yawa a jere sai hoton ya fara kyaftawa, wasu su ɓace. Dole na cire kusan rabinsu.

A mako na uku na zo kan wasan da akwatin yake bugawa shi kaɗai. Na ɗauka wani ɗan tsari ne aka rubuta masa. Da na duba sai na ga ba haka ba ne. Akwatin yana ajiye wasan duk wanda ya fi kowa maki, kowane motsin sanda da kowace dannawa, a wata 'yar ma'ajiya da batir yake riƙe da ita. Abin da muka gani a sito hannun wani mutum ne na gaske, wanda ya taɓa tsayawa a gaban gilashin nan.

Na zuba jerin motsin a nawa wasan, na kunna. Da azahar ne, labule a sake, ni kaɗai a gidan. Jirgin ya tashi, ya fara harbin iska. Ya kauce hagu, ba komai a wurin. Ya nutsa ƙasa da sauri kamar an kawo masa duka, ya ɗago, ya yi ta ɓarin wuta a kan fili. Sai daga baya na tuna ai ni na cire waɗannan abubuwan. Shi mai hannun yana ganinsu, ni ne ba na gani. Na yi wa kaina dariya, muryata ta fito wata iri a falon.

Don in daidaita su sai na riƙa kunna guda biyu gefe da gefe, na asali a kwamfuta, nawa a talabijin. Duk inda jirgin ya kauce sai in duba abin da ya kauce wa, in mayar da shi ko in sa wani a madadinsa. Kwana huɗu ina wannan, har na fara sanin mutumin. Mai wasa ne. Yana son ya bar abu ya matso dab da shi kafin ya harbe, wani lokaci ya yi ta kaɗa jirgin hagu da dama ba dalili, kamar mai bin kiɗa.

A mataki na uku kogon yana shiga wani dogon rami mai duhu, gilashin ya koma baƙi ƙirin, sai jirgin kawai da 'yan ɗigon haske. Tsakiyar ramin nan jirgin ya fizge hagu da ƙarfi har ya kusa bugun bango. Sannan ya tsaya cak. Daƙiƙa bakwai ba motsi ba harbi. Na duba na asali don in ga abin da na cire a wurin. Babu komai. Na mayar baya na sake dubawa, hoto bayan hoto. Na shiga cikin rubutun wasan kansa, ko akwai wani abu da aka ɓoye. Waɗanda suka ƙera shi ba su sa komai a ramin nan ba, wurin hutawa ne suka yi shi.

Abin da ya biyo baya ya fi damuna. Daga ramin nan wasan mutumin ya canza. Kaɗa jirgi ya ƙare, jiran abu ya matso ya ƙare. Kowane motsi a ƙididdige, ba ɓarnar harsashi ko ɗaya, kusan rabin awa a haka, mataki bayan mataki, har wuraren da ni da nake da rubutun wasan a gabana ban san yadda ake wuce su ba. Kamar an canza mutum.

Washegari na ɗauki abin bugawar na gwada da kaina a talabijin. Da na shiga ramin, gilashin ya yi baƙi, sai na ga falon gaba ɗaya a cikinsa: fuskata, kujerar da ke bayana, da ƙofar ɗakin abokina a ɗan buɗe. Na san a rufe na bar ta, ko dai ina zaton na sani. Ban ga kowa ba. Amma hannuna ya ja hagu shi kaɗai, jirgina ya daki bango ya tarwatse. Na tashi na rufe ƙofar, na juya teburin yadda bayana zai koma jikin bango. Ranar a masallaci na zauna tun daga la'asar har magariba.

Da na kusa gamawa na gayyaci dattijon ya zo ya gani. Ya hau benen da ƙyar, yana hutawa a kowane hawa. Na haɗa masa shayi mai madara, na sa kaset, na bar wasan ya buga kansa. Ya zauna a bakin kujera yana kallo. Can na lura da hannunsa na dama. Babban yatsan, wanda ban taɓa ganin ya motsa ba, yana ɗan zillo daidai da kowane harbi. Bai san yana yi ba.

Na ce, "Baba, wasan wa ye wannan?"

"Nawa ne."

Da jirgin ya tunkari ramin sai ya kawar da kansa, ya kalli labule har aka wuce. Na dakatar da wasan, na tambaye shi me ya kauce wa a wurin.

Ya ajiye kofin a kan gwiwarsa. Sannan ya ce a gidan wasan ana rufewa daga azahar zuwa la'asar. In ya yi salla sai ya kulle ƙofa ta ciki, ya kashe fitilu, ya bar akwatin nan kaɗai, ya ɗan buga kafin ya kishingiɗa. Ran nan ma haka ya yi.

"Da na shiga wurin duhun nan, gilashi ya zama madubi. Na ga kaina. Na ga mutum a bayana, nan, wajen kafaɗa. Dogo, da farin kaya. Ya harɗe hannu yana kallon wasan, kamar mai jiran a gama shi ma ya buga."

"Ko wani ne ya shigo ba ka ji ba?"

"Makulli yana aljihuna, Malam. Ƙofa ɗaya ne."

Ya ce hannunsa ya saki sandar, ya yi ta karanta duk abin da ya zo bakinsa. Sai ya ga an kusa fita daga ramin, kuma in jirgin ya mutu wasa ya ƙare, in wasa ya ƙare dole ya juya. Shi ya sa ya sake kama sandar.

"Ni ba gwani ba ne. Ban taɓa wuce mataki na huɗu ba kafin ran nan. Tsoron juyawa ne ya kai ni inda ka gani."

Da jirgin ya faɗi a ƙarshe, ya juya, ba kowa, ƙofa a kulle yadda ya bar ta. Bai sake buga akwatin ba. Samari sun yi shekaru suna neman karya makin, ba wanda ya kai ko kusa. Kullum yana zaune a kan kujerarsa yana kallon wasan ran nan yana maimaita kansa a gilashi.

Na ce masa abu ne mai sauƙi in goge wurin, in miƙe jirgin ya wuce ramin sumul, ba wanda zai sani.

Ya ce, "A'a. Bar shi. Haka ya faru." Ya dubi hannun da ke ƙirjinsa. "Shi ne aikin da hannun nan ya fi iyawa duk rayuwarsa. Ina so jikoki su gani, khalas, shi ke nan."

Na bar shi yadda yake, har daƙiƙa bakwai ɗin. Na rubuta masa yadda ake jona wayoyin a takarda da manyan baƙaƙe, na naɗe kaset ɗin a cikin tsohuwar rigata. A ƙarshen watan Agusta ya tafi. Talabijin ɗin na ba mai gadin gininmu tun kafin abokan zamana su dawo, kuma ban ba su labarin ba.

Bayan kamar wata biyu, ina ɗakin karatu a makaranta, saƙon murya ya shigo daga lambar Ghana. Na fita baranda na saurara. Ana jin ruwan sama a kan kwano da hayaniyar yara. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi karatu, ya ce kaset yana aiki, jikokinsa har faɗa suke yi a kansa, kuma an samo masa wata mai gashin ƙashi da take murza masa hannun duk safiya. Sai ya rage murya.

"Malam, tambaya ɗaya ban yi maka ba. Lokacin da kake aikin nan kai kaɗai a gidanka, ka gan shi?"

Na danna maɓallin ɗaukar murya. Na ce masa ban ga kowa ba, kaina kawai na gani da kujera da ƙofa.

Amsar ta zo nan take, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Nan ma bai zo ba. To a Al Sadd ya tsaya."