Baffa Badaru da Ruwan Ganyen Mangwaro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Baffa Badaru, yayan mahaifina, a ƙauyenmu da ke ƙasar Minjibir. Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin rijiyar lambunsa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Baffa, na so in rubuta alherinka kawai, amma takaici ya hana ni. Kai ne mai yi wa mangwaro aure a duk yankinmu, ladanka a ce an gode. Gidan da aka yi haihuwa kuwa, ranar suna sai ga ka da dashe a hannu. Da na fara bincike a jami'a kan wani sinadari da ake samu a ganyen mangwaro, kai ka riƙa tsinko mini ganyen, ka shanya a inuwa, ka ba direban motar Kano ya kawo mini.

Bakina ne ya jawo. Na zo hutu ina zumuɗi, na ce maka mun ɗiga sinadarin a kan guntun jijiyar jini cikin kwalba, mun ga ta saki. Ka yi dariya ka ce, "Ashe maganin nawa yana lambu, nake ta wahalar layin asibiti!"

Na ce, "Baffa, a kwalba ne fa, ba a jikin mutum ba. Ko awonsa ba mu sani ba."

Ka ce, "To, Likita Aina'u."

Na ɗauka ka ji. Ashe tun ranar ka ajiye ƙwayoyinka, kullum da safe sai tafasasshen ganye. Wata biyar, Baffa! In na kira waya ka ce garau kake.

Ranar sadakar uku, dattawa biyu suka ja ni gefe suna tambayar ganye nawa ake zubawa a tukunya. Wai ka ce musu 'yarka ce ta gano. Alfahari kake yi da ni, na sani, kuma shi ya fi ƙona mini rai.

Matarka, Inna Kaltume, ita ma ta daina shan nata ƙwayoyin hawan jinin, ta koma ruwan ganye. Na yi bayani, na yi magiya, har kuka na yi. Ta ce, "Malam bai taɓa ba ni abin da zai cuce ni ba. Kwanansa ne ya ƙare." Na fasa komawa Kano saboda ita.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Inna Kaltume da 'ya'yanka, Naziru da Halimatu Sadiya, ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri, ni kuma ya yafe mini, ya sa Inna ta saurare ni. Maganarka kaɗai take ji, Baffa, ga shi ka tafi ba ka janye ta ba.