Rigar Fata a Kan Idon Fitila

Ana idar da sallar asuba muka taru a ƙofar shagona da ke Sabon Garin Gusau, mu uku, ni da wani abokina da direba, amma direba ya ƙi tayar da mota sai da gari ya waye tangaran. Wanda ya san hanyar Tsafe a 'yan shekarun nan ba zai ga laifinsa ba. Muka sha koko da ƙosai a tsaye, sannan muka kama hanya.

Ga waɗanda ba su san aikina ba: fitilar sola tana da wata 'yar na'ura da ke jin haske, ita ke kunna fitila in duhu ya yi, ta kashe in rana ta fito. Masu gyara suna ce mata ido. Ni kuma na shafe shekara ɗaya da rabi ina ƙera ɗan gilashi mai doro da ake ɗora wa idon, girmansa bai wuce ƙwayar gurjiya ba. Aikinsa ya tattaro hasken sama kaɗai, kada fitilar mota ta ruɗe shi. Mun kafa biyu don gwaji, ɗaya a Tsafe, ɗaya a wani ƙaramin asibiti a gefen Bungudu. Sai ga waya daga ma'aikaciyar jinyar asibitin: fitila tana ci da rana, ta mutu tun kafin tsakar dare, har an karɓi haihuwa biyu da tocila. Ta ce in ban gyara a makon nan ba, za a cire kayana. Gaskiya hankalina ya tashi, don in gilashin ne ya gaza, aikin nan duka ya tafi.

Muka fara da Tsafe don in ga ko matsalar iri ɗaya ce. Damina ta yi kyau bana, gero ya fi mutum tsayi, dutsen Kwatarkwashi ya yi kore har ƙugu. Shingayen bincike ne suka cinye mana lokaci, ga ramuka da direba ke kaucewa kamar ya haddace su. Masara gasasshiya a bakin titi ta yi tsadar da abokin tafiyata ya tambayi mai ita ko da nama a ciki.

Fitilar Tsafe lafiyarta lau. Mai shayin da ke ƙarƙashinta ya ce da ita yake sanin magariba ta yi, kuma duk manyan motocin da ke haske ta ba su taɓa sa ta ƙifta ba. Na hau tsani na duba gilashin, garai-garai yake. Na ɗan samu natsuwa, amma ba da yawa ba.

Muka juyo ta Gusau, muka tsaya cin hoce da shan fura, sannan muka miƙa hanyar Sakkwato. A mota ina ta zane a bayan kwali, ina zargin doron gilashin ya yi yawa, ko rana ta dafa shi ya yi ja. Abokin nawa ya ce in bari mu isa tukuna, kada in kashe majinyaci tun ban gan shi ba.

Bayan azahar muka shiga asibitin. Ga fitila can a kan ƙarfenta tana ci, rana tsaka. Ma'aikaciyar jinyar ta amsa gaisuwata a taƙaice, ban kuma ga laifinta ba. Na hau tsani da ma'aunina a aljihu, ashe ba zan ma fito da shi ba. Idon fitilar yana sanye da riga ta jar fata, an ɗinke ta tsaf daidai jikinsa, har da 'yan tuntaye a gefe. Na'ura tana cikin duhu dare da rana, shi ya sa take ƙone batir tun da hantsi.

Maigadin asibitin, wani dattijo mai farin gemu, shi ne ke riƙe mini tsani. Na tambaye shi wa ya yi aikin. Ya ce shi ya kai wa baduku awo da kansa.

"Ɗana, na ga rana na dukanai, ruwa na dukanai, ga shi abu ɗan ƙarami mai tsada. Mu rediyo ma ba mu barinai tsirara."

Dariya ta taso mini, kunya ta danne ta. Ranar da muka kafa fitilar, ni ne na ce masa ya kula da ɗan abin nan, ya fi komai daraja a jikinta. Ban gaya masa me yake yi ba. Kuma rediyon mahaifina rigarsa ta fata ce, kujerar babur ɗina har yau ledarta tana nan.

Na sauko da rigar na yi masa bayani a hankali, a gefe, ba a gaban ma'aikata ba. Ina cirewa dama fitila ta mutu da kanta. Ya daɗe yana juya rigar a hannu, sannan ya ce to a huda ta daga sama, ido ya gani, jiki kuma ya suturtu. Na auna faɗin da gilashin ke buƙata, shi ya yanka da askarsa, muka mayar. Fitila ta ci gaba da barcinta. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ba za ta yarda ba sai ta ga safiya.

La'asar sakaliya muka iso Gusau. Na yi lissafin kusurwar haske, na yi na zafi da ruwan sama, amma ban taɓa sa mutumin da zai so abin har ya yi masa sutura a cikin zanena ba. Sabon zanen da na fara yana da rufinsa, mai ƙofa a sama, kuma awon dattijon na bi.

Washegari da hantsi saƙon ma'aikaciyar jinyar ya shigo. An haifi 'ya mace gab da asuba, fitila tana ci har aka yanke cibi.