Fanfon da Ke Tsayawa a Rabin Shato

Shekarar da na dawo Dogon Dutsi daga karatun lantarki a Yamai, gwaggona ta aiko a kira ni ƙauyensu, kusa da Dumega. Matan garin suna da garka a bakin fadama, suna shuka kabeji da salati da rani. Wani ɗan garin da ke kasuwanci a Dutsi ya kafa musu fanfo mai aiki da hasken rana, da shaton tara ruwa, da wani ɗan akwati mai ƙirga ruwan bido-bido, wato jarka-jarka. Shaton na cin bido ɗari biyar, in lissafi ya kai nan akwatin ya kashe fanfo. Sai ya zamana jefi-jefi fanfon na tsayawa shato yana rabi, shuka ta wuni da ƙishi.

Mai gadin wurin dattijo ne, an san yana zuwa Lugu, garin masu bautar iskoki, a da. Wasu mata suka ce doguwar fadama ce ba ta son ƙarar inji. Ɗan kasuwan kuwa ba ya sauraron irin wannan zance. Ya ce tsohon ne ke kashewa don a ce iska ce a neme shi, ya kuma ce in wata ya mutu tsohon ya bar aikin.

Na sami dattijon a gindin gawo yana tufkar igiya.

"Ɗana," ya ce, "ni ko ƙura ban taɓa share wa akwatin nan ba."

Na jona ordinatata, wato kwamfutata, da akwatin, muka yi kwanaki muna gadi tare, yana ba ni fura. Ran da abin ya faru ina kallo: lissafi na 255, sai ya yi tsalle zuwa 511, fanfo ya yi shiru. Ƙwaƙwalwar akwatin ƙarama ce, ba ta iya ɗaukar babbar lamba a loma guda, sai ta karanta rabin farko sannan na biyu. In aka yi rashin sa'a bido guda ya ƙaru a tsakani, sai ta haɗa tsohon rabi da sabo, ta ga shato ya cika.

Dattijon ya tambayi abin da na gani. Na ce kamar mutum ne ya duba agogo ya ga minti hamsin da tara, kafin ya duba awa ta juya daga ɗaya zuwa biyu, ya tashi yana cewa uku ta kusa. Ya yi dariya har da tari, sannan na ga yana goge ido da bakin rawani.

Gyaran bai wuce layi kaɗan a rubutun da ke sarrafa akwatin ba. Na sa akwatin ya riƙa karanta lambar sau biyu, ba zai yarda ba sai sun yi daidai.

Na je na yi wa ɗan kasuwan bayani a shagonsa. Mutumin kirki ne, ciwon ganin shukar tana bushewa ne ya sa shi saurin zargi. Ranar Juma'a ya hau moto, wato babur, ya je garkar, ya durƙusa gaban tsohon a idon matan, ya ce, "Baba, na ɗauki alhakinka."

Tsohon ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ce ya zo ya ga yadda salati ya yi. Ya ci gaba da gadin garkar har idonsa ya daina gani.