Salgar da Na Haƙa da Sunan Kaka

Rairayi ya kai mini ƙugu kahin in gane bangon ramin ne ya zubo. Na ja ƙafar dama, ta ƙi. Na ja ta hagu, sai wani ya ƙara gangarowa ta bayana ya binne pelun da nake haƙa da shi. Na ɗaga kai, ba na ganin komai sai sama da huskar Kaka tana leƙowa daga bakin ramin.

"To, mai gidana," in ji ta, "kabari ne ka haƙa ma kanka don ka bar ni da takaba?"

"Tsohuwa, ja baya! Ƙasar da kike takawa kaina take zubowa. Kira mutane!"

"Wa zan kira? Maza duk sun tahi cin rani. Kai ma don babu ne na aure ka."

Amma ta ja baya, kuma da ta ɗaga murya tana neman agaji na ji babu wasa a ciki. Ɗakin Inna yana nan kusa. Na ji ƙarar ƙyaurenta, na ji ta ce, "Iya, yaron nan..."

Allah ya sa abokina Bahillace, wanda danginsa suka gangaro da shanu daga wajen Isawan, yana bakin rijiya bayan gidanmu. Shi ya zo da igiyar guga, ya ɗaura mini a hammata, ya kwanta rub da ciki yana kwashe rairayin da ƙwarya har ƙafafuna suka saki.

"Kaɗo," ya ce yana haki, "a kan ƙasar nan aka haihe ka, amma ba ka san ba ta tsayuwa ita kaɗai ba? Wai me kake nema a ciki?"

"Salga nake haƙa ma Kaka."

Abin da na gaya ma kowa ke nan. Ga yadda aka yi.

Ni ne ɗan farin Inna. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta kallon idonsa. Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka na tashi, uwar Inna ke nan, ita ce abokiyar wasata, ita nake zagi ta rama. In Inna tana son gaya mini magana, sai ta faɗa ma bango ko ta faɗa ma Kaka ina tsaye. Ban taɓa jin abin ya dame ni ba, don ni ba mazaunin gida ba ne. Lakwal, makarantar boko, na gudu tun ban iya haɗa wasiƙa da Faransanci ba. Na koyi ɗinki a Tasawa na bari, na sai da isansi, man mota, a kwalba na bari, na koma kabu-kabu tsakanin Atantane da Mayahi. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka ruhe iyaka, mai ya yi wuyar samu, babur ya zauna a zaure, ni ma na zauna. Damina kuma ta yi mana gardama. Baba ya bi sauran maza neman abin da za a ci.

A cikin wannan hali aka gano Inna tana da ciwon daji a nono. Kawu, ƙanenta da ke tuƙin mota a Yamai, shi ya ɗauki nauyin komai. Aka kai ta can aka yi mata aiki, aka yi ta yi mata ƙarin ruwan da ya zubar mata da gashi. Da aka gama sai aka ce a zo a ɗauke ta, ni kuwa ni ne marar aikin yi.

Likitar mace ce, mai magana da sauri. Ta nuna mini kwalin ƙwayoyi ta ce wannan ba irin na farko ba ne da ke bin jiki duka. Shi wannan ya san abin da ciwon ke ci ya girma, shi yake tarewa. Amma sai an sha kullum, kuma yana da nashi hali: baki zai iya yin gyambo, fata ta tsage, ciki ya ɓaci. Ta ba ni lambarta ta ce ko me ya faru a kira ta, kar a bar sha ba ta sani ba. Duk maganar nan Inna bango take kallo, ni kuma ƙasa.

Da muka koma gida abin da ido ke gani na gani. Bakinta ya yi ƙuraje, ko tuwo da miyar kuka sai ta yi ta juya loma. Tahin hannunta da dugaduganta suka tsattsage, taɓarya ta gagare ta. Na samo man kaɗanya na ba Kaka ta ba ta. Ɗan geron da muke da shi na dinga ɗauka a ka zuwa injin niƙa, mata suna yi mini dariya a hanya. Na ɗauka iyakar abin ke nan.

Sai kuma ta fara murmurewa. Baki ya warke, ta koma cin abinci, wata sahiya ma na tarar tana shara. Na hau tudun da muke samun reson waya na kira Kawu na ce magani ya karɓe ta. Na dawo ina fito, na tarar da Kaka tana ɓarar gujiya a inuwa.

"Amarya, yau ko rawa kika ce in yi miki sai in yi."

"Zauna, wawan miji," ta ce. Ba ta yi dariya ba. "Ta ji sauƙi don ta bar shan abin. Ƙwayoyin na cikin kwallarta, ta ruhe."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Na ce don me?

"Zawo. Ba ya sallama, ba ya jiran magariba. Kai namiji ne, ko gindin wane icce ka samu ka tsuguna. Mu fa? Kahin gari ya waye ko bayan rana ta faɗi, shi ke nan. Sauran shekaru in ta kama mace da rana akwai kara a gona, akwai sabara, ta shige. Bana ka leƙa bayan darni ka gani."

Ba sai na leƙa ba. Gero bai wuce gwiwa ba ya ƙone, ɗan karan da ya yi an kwashe ma dabbobi, awaki sun cinye sabara har itace. Daga bayan gidanmu kana hango masallacin ƙauyen da ke gaba, babu abin da ya tare.

Kaka ta ce ranar da abin ya hi ƙarhinta, tsakar rana Inna ta hita da gudu. Dattawan da ke zaune gindin gawo suka sunkuyar da kai. Ta san sun gani. Ta dawo ta ruhe ƙwayoyin.

"Na ce ta yi a kasko cikin ɗaki in zubar, ta ce ba za ta sa uwar da ta haihe ta ɗaukar wannan ba. Na jiƙa mata saiwa, bai tsaya ba. Ta ce gara ciwon ya same ta a ɗaki da mutuncinta."

"To me ya sa ba ta gaya mini ba? Ni ke da lambar likita!"

"Kai? Ta gaya ma ɗan fari cikinta na gudu? Ashe haukarka ta kai haka."

Ban tsaya tunani ba, ban taɓa iya tsayawa ba. Na ari pelu, na tsaya tsakar gida na ɗaga murya yadda za a ji har ɗakin Inna. Na ce wannan tsohuwar matar tawa ƙafarta ta gaji, ba zan yarda kura ta ɗauke ta a bayan gari ba, salga zan haƙa mata. A ƙauyenmu ba a saba da ita cikin gida ba, ana ganin ƙazanta ce kusa da inda ake dahuwa. Amma tsohuwa ba a yi mata gori. Kaka ta gane nan take, ta ce, "Kurar da ta ga namana ta ga naka, kai za ta ɗauka." Na fara haƙa a lungun bayan ɗakuna, washegari kuma ramin ya zubo a kaina.

Abokina ya ce su in za su haƙa ƴar rijiya a rairayi sai sun sa mata abin da zai riƙe bango. Muka samo tsofaffin tano biyu, gangunan ƙarhe na mai, a Mayahi wajen mai walda, aka hudde gindinsu, muka ɗauko a amalanke. A shingen sojoji wani ya ƙwanƙwasa su da bakin bindiga ya ce me za mu zuba a ciki, mai? Na gaya mishi gaskiyar abin da za a zuba. Ya yi dariya har ya dafa amalanken, ya ce mu wuce. Muka zura tano ɗaya, ina haƙa daga ciki yana nutsewa, muka ɗora na biyu. Muka jera itace a kai, muka shafe da laka, muka kewaye da tsofaffin buhuna da tabarmi don zana ba ta samuwa.

Kaka ce ta buɗe ta. Ta ɗauki buta ta ratsa tsakar gida kamar mai zuwa biki, ta hito tana mita wai ramin ya yi ƙanƙanta, wai mijin kirki da siminti zai yi.

Na koma tudu na kira likita, na gaya mata duka. Ta ce da an kira ta tun farko. Ta ce zawon wannan magani ana iya tare shi. Za ta yi magana da majo, babban mai jinya na asibitin Mayahi, ya ba ni maganin tsai da shi da garin da ake kaɗawa a ruwa don kar jiki ya bushe. A rage ƙwayar zuwa yadda ta faɗa mini har ciki ya saba. A bar nono da yaji da abu mai maiƙo tukuna, jiƙon Kaka ma a ajiye shi. In zazzaɓi ya zo ko ta kasa shan ruwa, a kawo ta ba jira.

"Amma duk wannan," ta ce, "sai in ta yarda ta sha."

Na karɓo maganin, na zauna ƙofar Kaka na karanta mata bayanin da ƙarhi, har sau biyu, kamar ita ce marar lahiyar. Kaka tana cewa, "To. To. A bar nono? Wannan likita ba ta son Hilani." Labulen Inna bai motsa ba.

Kwanaki suka wuce, kwalla tana ruhe. Ni kuma na kasa zuwa ko'ina. Ni da ban taɓa wuni a gida ba, sai ga ni zaune kan turmi tun sahe, ina kallon lungun nan ko zan ga sawu. Har na fara jin haushi. Na ce ma Kaka na kusa mutuwa a rami a banza.

"Kai ne ka rage," ta ce.

"Ni kuma?"

"Ka kafa ido a hanya kamar mai gadin banki. Ta ina za ta bi da buta, ta kanka? Tashi ka ba mu wuri. Da can da muke son ganinka ba ka zama, yanzu ka zame mana turmi na biyu."

Na ji kunya. A ranar na ƙara buhuna daga bayan ɗakin Inna har bakin salgar, yadda ko wa ke tsakar gida ba zai ga mai wucewa ba. Daga nan na dinga hita da sassahe, ba na dawowa sai la'asar. Wurin zuwa ma bai yi wuya ba, don matan maƙwabta sun fara shigowa gaida Kaka da buta a hannu, har wata ta aiko a tambaye ni ko zan haƙa ma tata surukar. Ni da abokina muka koma neman tano.

Wata la'asar na shigo duk jikina ƙasa, ina wanke ƙafa a bakin randa, sai na ji muryar Inna daga bayan labule. Ba da ni take ba, da Kaka take.

"Iya, a ce ma mai wayar ya gaya ma likita na koma sha. Cikin ya taɓa ni, amma ba kamar da ba." Sai ta ƙara da cewa, "A ce mishi kuma ya bar shiga rami ba kowa a sama."

"Ka ji ko, ko sai na maimaita?" in ji Kaka.

Na ce na ji. Na ci gaba da zuba ruwa a ƙafar da ta riga ta hita, don ban san inda zan sa huskata ba. Da na samu kaina na hau tudu, na kira likita, sannan na danna ma Kawu saƙon murya:

"Kawu, ina wuni, ya aiki. Wancan karon da na ce maka ta ji sauƙi, ashe ta bar shan maganin ne, amma kar hankalinka ya tashi, ta koma. Likita ta sani, ta rage mata, ta ce a kawo ta awo in wata ya kama, ni zan rako ta. Bakin ya ɗan dawo da ƙuraje, tana kurkurewa da ruwan gishiri, tana shan kunu sosai. Dalilin da ya sa ta bari kar ka tambaye ta, an gyara. In za ka aiko da na gaba, don Allah ka haɗo da takalmi mai laushi, dugaduganta ne ke damunta in ta taka ƙasa mai zahi. Ƙafarta daidai da ta matarka. Ka ce kai ka ga ya dace."