Ranar da na goya irin gero

Shekarun baya, a daminar da ta biyo bayan babban farin nan na zamanin soja, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Wanda ya ga wannan ranin ba sai an ba shi labari ba. Rumbuna sun zama ɗakunan ɓeraye, daga baya su ma ɓerayen suka yi ƙaura. A ƙauyenmu, can arewa cikin ƙasar Mayahi, gidaje da yawa sun cinye har irin da suka ajiye don shuka. Mahaifiyata ta daure ta riƙe nata, sai ruwan farko ya yaudare su. Aka shuka, gero ya fito kamar gashin jariri, sama ta kulle, rana ta ƙone shi tas. Ran kasuwa wani ɗan garinmu ya kawo mini saƙo, gajere kamar yadda saƙon ƙauye yake: gona tana nan, iri ne babu. Mahaifina ya riga ya rasu, gonar tana hannunta ita da ƙanwata. In ruwa ya sake sauka ba su da abin zubawa a rami, shekara ta wuce su ke nan.

Akwai gero a kasuwa, amma na nesa ne, wanda ake ci ba a shukawa, don ba wanda ya san halinsa a yashinmu. Sai na tafi wurin gwaggona, wadda ta rene ni tun ina jariri, kuma a gidanta nake zaune. Ashe duk yunwar da aka sha tana da tulu a ƙuryar ɗaki, cike da iri gauraye da toka, an liƙe bakinsa da laka. Mu da muke kwana a gidan ba mu sani ba, kuma ta yi gaskiya da ba ta gaya mana ba. Ta fasa lakar, ta raba biyu, ta zuba rabi a buhu, ya kai nauyin yaron da ya isa shiga lakwal.

Babur ɗin da zan kai irin da shi kuwa na abokina ne, ma'aikacin likita, babban babur mai ƙarfi wanda yake zagaya ƙauyuka da shi. Ran Asabar bayan an tashi daga aji ya kawo mini shi ƙofar gida, ya cika shi da isansi, wato fetur, ya tsaya ganin ɗaurin kaya. Gabas ta fara yin duhu kaɗan, irin duhun da manomi ke kallo ya yi shiru don kada ya kore shi.

Na ɗauki buhun zan aza a kan tanki, gabana.

Gwaggo ta ce, "Mi za ka yi?"

Na ce, "Nan ne wurinsa, Gwaggo. Tsakiya."

"Tsakanin ƙafafunka? Iri? Ba a tsallaka iri, ba a zama kansa. Wanda aka tsallaka ba shi tsira. Ba su faɗa muku ba a lakwal?"

Na ce wataƙila ranar ba ni da lafiya. Na mayar da shi kan kujera, dab da bayana.

"Wato ka jingina mai gindi."

Aka yi ta matsar da buhu har ya kai ƙarfen ɗaukar kaya na can baya. Nan ma ta ce bai yi ba, sai ya fi mazaunina tsawo. Aka naɗe tabarma, aka aza ƙunshin saƙon maƙwabta, don ba a tafiya ƙauye a ƙi karɓar saƙo, aka ɗora zanen da ta ce a kai wa mahaifiyata, sannan aka naɗa buhu sarauta a samansu, aka ɗaure da igiyar roba. Abokina ya zagaya babur ɗin, ya sa yatsa biyu ya ɗaga kansa, ƙafar gaba ta tashi daga ƙasa kamar tana jiran a gayyace ta.

Ya ce a hankali, "Kai, wanga ba babur ba ne, raƙumi ne."

Gwaggo ta ji. Ta ce, "Kai ka tahi ka yi allurarka."

Abin dariyar shi ne, a satin nan na koya wa 'yan babban aji wannan darasin. Na kwantar da abin ja layi a kan guntun alli, na aza dutse a gefe guda, ɗaya gefen ya tashi sama, yara suka rubuta. Na san sarai cewa nauyin da aka aza bayan ƙafar baya yana rage wa ƙafar gaba riƙon ƙasa, kuma duk tsawon da aka ƙara masa, ƙarfin jan babur gefe ake ƙara masa. Amma sani daban ne, musu da matar da ta wanke maka kashi kuma daban. Na ce a raina zan tafi a hankali.

Da na tafi a hankalin kuwa da ba labari. A bakin gari akwai shingen jandarma, don a lokacin ba a fita da hatsi haka kawai. Wanda ke bakin aiki ya sa na kwance kayan duka. Ya zura hannu a buhu, ya ciro, ya ga toka a tafinsa, ya sunsuna.

"Iri ne, Mushe?" Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu.

"Iri ne."

Ya mayar da shi har ƙwayar da ta maƙale tsakanin yatsunsa. Ya ce shi ma ɗan manomi ne. Sannan da kansa ya taya ni ɗaurewa, kuma da yake ɗan manomin ne, ya mayar da buhun sama can baya, daidai inda Gwaggo ta sa shi. Har ya ƙara gyara masa zama.

Kafin in bar shingen la'asar ta yi, hadarin gabas ya tashi tsaye. Tsakanina da ƙauyenmu akwai wani kwari wanda in ya sha ruwa ba a ƙetare shi da babur sai ya tsane. In ruwa ya riga ni, zan kwana a wannan gefen da jiƙaƙƙen iri, gari ya waye kowa na shuka, mahaifiyata na kallo. Danshin yashi kuwa ba ya jiran kowa.

Jar hanyar nan ta arewa tana da gargada, ƙanana a jere kamar kwanon rufi. Duk wanda ya saba da ita ya san in ka bi ta sannu sai ta kaɗa maka haƙora, in ka ba babur wuta sai ya riƙa bi ta saman tudun ya yi laushi. Na murɗa. Da farko abin ya yi daɗi, har na fara tunanin littafi ya cika tsoro. Sai na ji kan babur ya yi sakayau a hannuna, kamar ba ya taɓa ƙasa. Wutsiya ta yi wani ɗan lilo zuwa dama, ta dawo hagu, ta koma dama fiye da na farko. Kan ya ɗauka, ya shiga kaɗawa da sauri har madubi ya zama hazo. Ina riƙewa da ƙarfi, yana ƙara yi, domin ni ma na zama wani kayan da ake girgizawa. Iskar gaban hadari ta bugo daga gefe, ta samu buhu a tsaye kamar an ajiye mata shi.

Ban san dalilin da ya hana ni danna birki da ƙarfi ba, ina jin tsoro ne ya sandarar da ƙafar, kuma shi ya cece ni. Na sassauta wuta kaɗan kaɗan, na kwanta a kan tanki don nauyina ya koma gaba. Lilon ya ragu, ya ragu, babur ya gangara gefen hanya ya shiga yashi ya tsaya gindin wani gawo. Na sauka.

Buhun ya zame ya rataya gefe, ƙarfe ya huda shi kaɗan a kusurwa. Na durƙusa ina tsince ƙwayoyin gero daga jar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na ƙulle hujin da zare daga bakin tabarma. Sannan na zauna ina kallon tanki. Ba kowa a wurin. Da na aza buhun a gabana ba wanda zai sani. Ni dai ban yarda cewa tsallakawa tana hana tsiro ba, har yau ban yarda ba. Amma na san za a tambaye ni, kuma in shukar ta ƙi, kamar yadda ta riga ta ƙi sau ɗaya, ba ruwan sama za a tuhuma ba. Matar da ta kwana da yunwa kusa da tulun nan ba ta buɗe shi ba, ita ce ta ce kada a tsallaka.

Bakin zanen saƙo yana leƙowa daga cikin kaya. Sai abin ya faɗo mini: an hana zama a kai, an hana tsallakawa, an ce ya fi mazaunina tsawo. Ba wanda ya hana goyo. Na ninke tabarma a kan kujera dab da bayana, na aza buhu a kai, na hau, na shiga kokawa da zane. Mutumin da ke gyara wa yara kuskuren Faransanci da jan alƙalami ya kasa ɗaurin da 'yar shekara bakwai ke yi tana tafe tana waƙa.

Ina cikin haka wata Buzuwa ta iso da jaki da 'yan awaki ramammu, da alama abin da fari ya bar mata ke nan. Ta tsaya ta kalle ni, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Sannu, mai jego. Uwar ɗan ta yi yaji ne?"

Na ce, "Taimaka mini, baiwar Allah, hadari zai kama ni."

"Ɗaga hannu. Sama da ƙirji ake ɗaurewa, ba a ciki ba. Ja numfashi." Ta ja zanen har na ga taurari, ta soke, ta ƙara da igiyar roba a ƙugu. "Namiji ne ko mace?"

"Iri ne. Na mahaifiyata."

Dariyar ta tsaya. Ta aza tafinta a kan buhun ta ɗan jima, ta ce, "Allah ya raya." Ta kaɗa jakinta.

Babur ya zama wani daban. Nauyi ya dawo tsakanin ƙafafunsa biyu, ya manne da jikina, in na karkata ya karkata tare da ni. Kan ya yi nauyi a hannu yadda ya kamata. Ban koma gudun farko ba, na riga na ga abin da ke can, amma na samu wanda ya ishi gargada. Na ƙetare kwarin yana bushe, iska na kwasar yashi, ɗigon farko na buga mini goshi.

Gab da magariba na shiga gari. Mata suna ta kwashe shanya, suka ga Mushe da wandon Turawa da takalmi sau ciki, zane ɗaure a ƙirji, goyo a baya. Wata ta saki guɗa. Wata ta ce yaushe aka yi suna ba a gaya musu ba. Har yau akwai tsofaffin da in na je gaisuwa suke tambayata ya yaron, ko an yaye shi.

Ni ɗan fari ne, saboda haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta ma kallona sosai in da mutane. Ta fito bakin ɗaki, ta kalli gefe, ta ce da ƙanwata, "Tambaye shi ko ya zauna a kai."

Na ce, "Ce mata ban zauna ba, ban tsallaka ba. Goya shi na yi."

Sai ta ce, "Ce mai ya juyo."

Na zaci ƙanwata za ta sa. Ita da kanta ta matso, ta kwance igiyar, ta zare sokin zanen, ta tallabe buhun ta ƙasa kamar yadda ake karɓar yaro mai barci. Ta ce, ba da kowa ba, "Wadda ta yi ɗaurin nan ta iya." Kafin a idar da sallah ruwa ya kece.

Da safe muka fita, ni da sungumi a gaba, su biyu a baya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ba a yi abin mamaki ba a shekarar. An dai samu abin da ya kai su wani wuri mai nisa cikin rani, aka kuma ware iri tun kafin a taɓa damin farko, aka aika wa Gwaggo nata.

Yanzu in na ga samari sun tula kaya can bayan babur suna tsala gudu a kan kwalta, nakan tsayar da wanda ya yarda ya tsaya in ce ya matso da mai nauyin kusa da jikinsa, ya sauke shi ƙasa ƙasa, ya rage wuta. Wasu su ji, wasu su ce tsoho ya fara. Wannan shi ne abin da zan iya koyarwa daga tafiyar. Sauran kuwa ba na aji ba ne. Na yi shekaru ina lalube a ƙwaƙwalwata ko akwai wata ranar da hannun mahaifiyata ya taɓa jikina ina da wayo, ban samu ba sai wannan magaribar, da take kwance mini goyo. Yatsunta sun yi sanyi, kuma ta daɗe a kan ƙullin fiye da yadda ƙullin yake bukata.